Faranti a rana, batir a inuwa: yadda ake haɗa cajar sola ta tafi-da-gidanka

Duk wanda ya taɓa yin kwanaki a gonar rani a fadamun Jahun ko Miga, ko ya bi shanu daga dazukan Kiyawa ya nufi Gwaram, ya san abin da ke fara maido da mutum gari. Garin tuwo bai ƙare ba, waya ta mutu. A cikinta ake jin yadda kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu ta ci, ta nan dillali ke kira, ta nan ake turo kuɗin 'yan ƙwadago, ita ce tocila kuma ita ce rediyo. Sai a tura yaro a babur da wayoyi cike da leda zuwa shagon mai caji, a ƙona mai, a biya kuɗi, rabin yini ya tafi. Mazauna cikin Dutse ma sun ɗanɗana irin wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa kwana da kwanaki. Alhali ranar da ke dukan ƙeyar kowa a gona ta isa ta yi wannan aikin kyauta. A ƙasarmu, hasken da ke sauka a yini guda ya kai kwatankwacin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana tsaka a yawancin watannin shekara.

Masu sayar da kaya sun ga wannan buƙata, shi ya sa kasuwa ta cika da fawabank mai ɗan farantin sola manne a bayansa. Ban ba kowa shawarar ya dogara da shi ba. Rana tana zubo kusan wat 1000 a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, faranti mai kyau kuwa kashi ɗaya cikin biyar na wannan yake iya kamawa. Farantin da bai wuce tafin hannu ba da ƙyar zai ba ka wat ɗaya da rabi, don haka kafin ya cika fawabank mai rubutun 10,000mAh sai an kusa mako ana shanya shi. Babbar illar ma ba nan take ba. Da yake a manne suke, dole batirin ya kwanta a ranar tare da farantin, batirin litiyam kuwa ba a son a caja shi a zafin da ya wuce digiri 45. A watan Afrilu inuwar Dutse kanta tana haura digiri 40, balle baƙin roba da aka ajiye a kan yashi. Nan da nan sai ya kumbura.

Ƙa'idar da duk wannan aiki ya doru a kanta ita ce a raba biyun nan da doguwar wayar wuta. Faranti ya sha rana, batir ya zauna a inuwa kamar randa, yana tara abin da za a sha da dare. Ita kuma wayar salula daga batir za ta sha, ba daga rana kai tsaye ba.

Lissafi kafin kasuwa

Kada ka fita sayayya sai ka san yawan wutar da kake ci a rana. Lissafin bai da wuya: bolt sau amfiya shi ne wat, wat sau awa shi ne abin da aka tara ko aka sha. Yawancin manyan wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun mutane batirinsu 5000mAh ne, wato kusan wat-awa 19. Wuta tana zubewa a hanya ta zama zafi, saboda haka ka ware mata 25. Ƙaramar waya mai madannai, irin Itel, ka ba ta 5. Ƙwan fitila mai wat 3 da za a kunna daga magariba zuwa bayan isha, awa huɗu, zai ci 12. Jimla 42 ke nan.

Batirin da ya dace da wannan shi ne rufaffen nan baƙi na dalma mai rubutun 12V 7Ah, irin wanda ake sawa a na'urar riƙe wa kwamfuta wuta. 12 sau 7 ya ba da 84, amma batirin dalma ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabinsa ne naka, rabi kuma nasa, in dai kana son ya yi ƙarko. Rabin 84 shi ne 42 ɗin da muka lissafa. Farantin da zai mayar da abin da aka sha a yini guda shi ne mai wat 20, wanda ke turo amfiya ɗaya da ɗigo ɗaya idan rana ta take. Kada kwaɗayi ya sa ka ɗora wa wannan ƙaramin batir faranti mai wat 50 ko 100. Abin da ya wuce amfiya biyu ya yi masa yawa, zai riƙa zafi yana tsufa da wuri. Idan mutanen bukkarku suna da yawa, a ƙara girman batir da faranti tare.

Kayan da za a nema

Shagunan kayan sola a Dutse suna da faranti da batir da kwantirola. Abin da aka rasa akan same shi a Kano, tafiyar kilomita ɗari ko sama da haka kaɗan, a kasuwar Sabon Gari da layukan France Road da Beirut Road. Farashi yana bin dala, sai ka taya a shago biyu ko uku. Abin da ya fi ciniki muhimmanci shi ne ka tafi da mitar gwaji, irin ta masu gyaran rediyo, ko ka tafi da wanda ya iya riƙe ta. Takardar da ke manne a bayan kaya kowa na iya buga ta.

Fara da faranti. Na wat 20 mai gilashi da gefen alminiyam yakan kai kamar santimita 35 da 45, nauyinsa bai cika wuce kilo biyu ba. Wanda ya gaza haka sosai amma aka rubuta masa 20W ko 30W, ƙarya ce. Ka roƙi mai shago ku fita da shi rana. Sa mitar a ma'aunin bolt ka taɓa wayoyinsa biyu: ya kamata ka ga 20 zuwa 22. Wannan kaɗai bai isa ba, domin ko farantin da ya lalace yakan nuna bolt mai kyau. Mayar da jan tsinken mitar ramin da aka rubuta 10A, juya ta zuwa amfiya, ka sake taɓawa na ɗan lokaci. Da hantsi ko azahar, faranti na fuskantar rana, ya kamata ka ga abin da ya kai ɗaya ko ya ɗan haura. Idan rabi ka gani, wat 10 ake son sayar maka da kuɗin 20. Wani zai ce me ya sa faranti mai bolt 18 zuwa sama zai caja batir mai 12. Batirin yana buƙatar sama da 14 kafin ya cika, zafi kuma yana rage ƙarfin faranti da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25. Gilashin da ke cikin ranar bazara yana kai digiri 60. Rarar nan ita ke cike giɓin.

Batir kuma ka gwada shi tun yana kan kanta. Sabo mai lafiya zai nuna 12.6 ko kusa da haka. Wanda ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye ba caji, kuma zaman banza yana kashe batirin dalma ko da ba a taɓa amfani da shi ba. Za a yi maka tayin batirin babur saboda sauƙin kuɗi. An yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu a tayar da inji, ba don a riƙa tsotsarsa dare bayan dare ba, ba zai kai ka kaka ba.

Kwantirola ita ce mai tsaron ƙofa tsakanin faranti da batir. Tana tsayar da caji idan batir ya cika, tana hana wuta komawa faranti da dare, tana yanke fitila idan batir ya yi ƙasa. Ƙaramar nan mai rubutun 10A, mai ɗan allo da ramukan USB biyu, ta wadatar. Sai fiyus ɗin mota mai lamba 5 da mazauninsa, wanda za ka samu wurin masu wayarin mota, da wayar wuta mai tagwayen hanya, ja da baƙi, mai kaurin 1.5, mita biyar ko shida. Ka kankare bakinta da wuƙa ka duba. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, na jabu kuwa da an kankare sai fari ya bayyana, wani ma maganaɗisu na kama shi. Ƙaro da filogi mai maza da mata na haɗa wayar faranti, da 'yan kunnuwan da ake zura wa ƙafafun batir, da salatif na wuta, da akwati: na katako da kafinta zai buga maka, ko robar ajiye abinci mai kauri da murfi.

Haɗawa

Zauna a inuwa, kan tabarma ko tebur, ka cire zobe da agogon ƙarfe. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan ƙarfe ya haɗa ƙafafun batirin nan biyu, wutar da za ta bi ta cikinsa ta isa ta narka waya ta ƙona yatsa.

Shirya akwatin tukuna. Batir ya zauna a ƙasa, a tokare shi da guntayen katako ko soso ta kowane gefe yadda ba zai yi rawa ba idan babur ya faɗa rami. Huda ƙananan ramuka a gefe biyu, can sama kusa da murfi, don iska ta riƙa ratsawa. Ko rufaffen batir yakan fitar da iska mai kama wuta idan caji ya yi masa yawa, don haka kada a toshe akwatin ruf. Ɗaure kwantirola da sukurori a cikin murfin ko a jikin bango, inda za ka iya ganin allonta kuma hannu zai kai ga ramukan USB. Na fi son ta kasance a ciki, saboda rairayin ƙasar nan ba ramin da ba ya shiga.

A ƙasan kwantirola akwai ramuka shida, bibbiyu: masu hoton faranti, masu hoton batir, masu hoton ƙwan fitila. Kowane biyu akwai mai alamar + da mai alamar −. Ja na +, baƙi na −, ko'ina, ba canji. Yanki ja da baƙi masu tsawon taƙi ɗaya ko biyu don batir. A kan jan, kusa da ƙafar batir iyakar kusanci, saka mazaunin fiyus, amma bar shi ba fiyus tukuna. Dalilin kusancin shi ne duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Fere bakin kowace waya kamar rabin gaɓar yatsa, murɗe zarurrukan su haɗu, zura a rami, ɗaure da sukundireba, sannan ka ja ta da ɗan ƙarfi. In ta zare, sake. Kada ka bar ko zare ɗaya yana leƙe, shi ne zai taɓa maƙwabcinsa. Inda ka haɗa waya da waya, a like da dalma a naɗe da salatif. Murɗawa da hannu kawai ba ta jure girgizar hanyar ƙauye, kuma mahaɗar da ta yi sako-sako zafi take yi.

Yanzu sai tsari, kuma a nan ne mutane da yawa ke ƙona sabuwar kwantirola. Batir ake fara haɗawa, sannan faranti. Daga batir take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24, idan kuwa faranti ya riga shi sai ta rikice, wata ma ta lalace. Duba ja da baƙi sau biyu, sa fiyus, allo zai kama ya nuna ƙarfin batir. Shiga saitinta ka tabbatar tana kan nau'in rufaffen batirin dalma, ba litiyam ba, takardar da ke cikin kwalinta tana nuna lambar kowane nau'i. Akwai kuma saitin inda za ta yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Yawanci daga kamfani yakan zo a wajen 10.7, wanda ya yi zurfi ƙwarai. Ɗaga shi zuwa 11.8 ko iyakar inda ta yarda.

Kife farantin a ƙasa ko ka rufe shi da buhu, haɗa doguwar wayar a ɗan akwatin da ke bayansa, ka ɗaure ta da jikin alminiyam ɗin don kada nauyin ja ya faɗa kan mahaɗar. Sa filogin a ƙarshenta kusa da akwatin batir. Kafin ka cusa, buɗe farantin ka gwada da mita: idan lamba ta fito da alamar − a gabanta, ka juya wayoyin. In daidai ne, cusa. Kibiya za ta fara motsi a allo daga hoton faranti zuwa na batir, lambar kuma ta fara hawa a hankali zuwa 13 da wani abu. Ranar kwancewa, faranti ake fara cirewa, batir daga baya.

Mai karatu zai lura cewa tsawon duka a ɓangaren faranti muka sa shi. Da gangan ne. A wannan ɓangaren amfiya kaɗan ce kuma wayar mai kauri ce, abin da mita biyar za ta ci bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bolt guda ba. Siririyar igiyar caji kuwa bolt 5 kacal take ɗauka, in ta yi tsawo sai wayar salula ta ga wutar ta gaza ta koma jan caji a hankali. Igiyar caji ta zama gajera mai kauri.

Saura ƙafa. Sanda biyu ko ɗan katako da aka ɗaura da fata ko hinji a bayan faranti sun isa. A ɗinka masa riga da tsohon bargo ko kwali mai kauri, domin gilashin da ya tsage ruwa zai shiga ya gama da shi a damina ɗaya.

A daji

Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, rana tana karkata kudu sosai, har da tsakar rana ba ta zuwa tsakiyar ka. A jingina faranti ya kalli kudu, a ɗaga shi kamar digiri 30 zuwa 35. In ka fuskanci gabas, kudu na hannun damanka. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta kuwa, a daidai inda Dutse take, rana tana bi ta ɗan arewa da saman kai, sai a kwantar da shi kusan shimfiɗe, da ɗan gangare don ruwan sama ya zurare. Wanda ba ya son wannan lissafi ga dabara: tsayar da ƙusa ko tsinke a miƙe a kan fuskar farantin, ka riƙa juya shi har inuwar tsinken ta ɓace a gindinsa. Nan ne daidai. Idan kana kusa, gyara shi da hantsi, da azahar, da la'asar, za ka ga bambanci a allo.

Kada a shimfiɗa shi kai tsaye a kan fa ko yashi mai zafi. Duwatsun Dutse da na Birnin Kudu suna riƙe zafi har dare, faranti kuma yana son iska ta bi ta ƙarƙashinsa. A kula da inuwa, ko 'yar kaɗan. Ƙananan murabba'an da ke cikin gilashin, galibi 36, a jere suke, wuta na bi daga wannan zuwa wancan. Ganyen darbejiya ɗaya ko kashin tsuntsu da ya rufe guda yana iya shaƙe yawancin wutar. Lokacin hazo a goge ƙura kowace safiya da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, tun gilashin bai yi zafi ba. Busasshen tsumma a kan yashi karce shi yake yi, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi kuma yana iya tsaga shi.

Akwatin batir yana ƙarƙashin bishiya ko cikin bukka, a ɗora shi kan dutse ko itace saboda raɓa da ruwa. Batirin dalma ma zafi na cin sa: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Da asuba, kafin rana ta fito kuma ba komai a jone, leƙa allo. 12.6 zuwa sama, a cike yake. 12.2, rabi ya tafi, ka tsaya nan. In kullum kana wayar gari a ƙasa da 12, kana ci fiye da abin da kake samu, sai a rage fitila ko a hana baƙin wayoyi. Wannan shi ne mai wuya, don da maƙwabtan gona sun ji labari za su zo, kuma ba a iya cewa a'a ga kowa. Abin da ya fi shi ne a caja nasu da rana tsaka, bayan allo ya nuna batir ya cika, lokacin da wutar farantin ke tafiya a banza. A watan Agusta, idan hadari ya rufe sama kwana biyu a jere, waya ɗaya kawai za a riƙa ba wa.

Ga mai tafiya a ƙasa

Wancan haɗin ya kai kilo biyar, na mai babur ne ko amalanke ko wanda zai kafa bukka. Makiyayi, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da zai je aikin fili a dausayin Baturiya, yana buƙatar marar nauyi. A ajiye batirin dalma da kwantirola, a riƙe faranti da doguwar wayarsa, a nemo cajar mota irin wadda ake cusawa a ramin kunna sigari. Dole ta zama mai rubutun 12–24V, domin farantin yana kai bolt 22 idan ba a ɗora masa komai ba, wadda aka yi don 12 kaɗai ƙonewa za ta yi. Tsinin bakinta shi ne +, ƙarafan gefe su ne −. A sayo mazauninta a haɗa, ya fi a like kai tsaye. Daga ita sai gajeriyar igiya zuwa fawabank na kirki, shi kuma ya zauna a inuwa ko cikin jaka mai shan iska. Fawabank mai 10,000mAh yana riƙe wat-awa 37, abin da zai isa waya kusan kashi biyu cikin uku ne, wato cika babbar waya sau ɗaya da ɗan ragi.

Gwada shi a gida kafin tafiya. Yana cikin caji, tsaya a gaban farantin inuwarka ta rufe shi, sannan ka kauce. Idan fitilun fawabank ɗin suka ci gaba da ƙiftawa da kansu, ya yi. Wani in gajimare ya gifta sai ya tsaya, ba zai koma ba sai an cire an mayar, irin wannan zai bar ka da yini guda na banza. Masu son haɗa nasu fawabank da batiran 18650 na tsohuwar kwamfutar cinya su sani cewa na gaske ba ya wuce wajen 3500mAh, duk mai rubutun 9900 ƙarya ne, kuma ba a haɗa su sai da allon kariya. Wanda bai saba ba ya bar wa mai gyara, wutar litiyam in ta kama ba ta kasuwa da sauƙi, bukkar kara kuwa ba ta jira.

Idan an dawo gida za a ajiye kayan, a cika batir tukuna, a cire filogin faranti, sannan a zare fiyus, don kwantirola tana shan 'yar wuta ko ba a kunna komai ba. Duk wata ɗaya ko biyu a fito da shi ya yini a caji. Ranar da ya daina riƙe wuta, kada a fasa shi, kada a bar wa yara su yi wasa da shi, kada kuma a narka abin cikinsa a tsakar gida. Dalmar da ke ciki ita ce gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. A kai shi a rufe yadda yake wurin masu sayen tsofaffin batira, suna biya da nauyi, kuɗin kuma ya rage maka na sabo.